Sauya Na'urorin Gano Hayaƙi da Iska Mai Guba a Motar Gida: Wacce Ta Fi Dacewa Ka Saya?

Wanda ya sayi motar gida ta hannu a Amurka, irin wadda suke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a cikinta, abin da yake fara dubawa shi ne inji da tayoyi, sai kuma rufi ko yana yoyo. Ƙananan robobin nan farare, ɗaya manne a silin, ɗaya can ƙasa a gindin kabad tana kunna ɗan koren haske, da wuya wani ya waiwaye su. Alhali kowace tana da wa'adi, kuma in ya cika ba ta da sauran amfani ko da haskenta na nan yana ci.

Na'urar gano hayaƙi shekara 10 take yi, ana lissafawa daga ranar da aka ƙera ta, ba daga ranar da ka sayi motar ba. Ta gano iskar kabon monoksaid, wato iskar guba da ke cikin hayaƙin janareto da gawayi, da ta gano yoyon gas ɗin girki ba sa kai haka: galibin waɗanda ake sa wa motocin gida shekara 5 zuwa 7 ne. Kamfanin MTI Industries, mai yin Safe-T-Alert da ke cikin ɗimbin motocin nan, shekara 5 ya yanka wa nasa. Kwanan watan yana rubuce a bayan na'urar, wani lokaci a fuskarta. Ta silin murɗa ta ake yi ta fito, ta ƙasa kuwa sukuru biyu ne ke riƙe da ita. Kada maɓallin gwaji ya ruɗe ka. In ka danna ya yi ƙara, abin da ya tabbatar maka shi ne akwai wuta kuma ƙahon yana da rai. Bai ce komai ba game da sinadarin da ke shaƙar iskar, wanda shi ne yake tsufa.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi ba ɓoyayye ba ne. A watan Satumba na 2011, a garin Clarksville na jihar Tennessee, mutum biyar suka kwana a wata motar gida ta haya a wurin taron masu babura, janareto na aiki a gefenta, gari ya waye babu wanda ya farka. Akwai na'urar gano iskar a motar, amma ba ta aiki. A 2012 jihar ta kafa doka cewa duk motar gida da za a bayar haya sai da na'ura mai aiki. A watan Yuli na 2021 kuma, samari uku suka rasu a cikin tirelar kwana a wurin wani bikin kaɗe-kaɗe a jihar Michigan, nan ma hayaƙin janareto ne. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana lissafa sama da mutum 400 da wannan iska ke kashewa duk shekara a ƙasar ba tare da gobara ba. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: mun sha jin labarin iyalin da suka shigar da janareto cikin gida saboda ɓarayi, ko suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Iskar ɗaya ce. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da wani abu. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci ba ya jin komai.

Motar gida ta fi gida haɗari ta wannan fuska saboda ƙanƙantarta. A fili da bai wuce ɗaki ɗaya ba an tara murhun gas, da hitar ɗumama ɗaki, da ta dafa ruwan wanka, da firiji mai aiki da harshen wuta, ga janareto a ƙarƙashi, ga kuma salansar maƙwabci a sansanin yada zango da iska za ta iya korowa ta tagarka.

Kafin a kai ga kwatanta kayan kasuwa, sai an rarrabe abubuwa uku, domin inda kowanne ke tafiya shi ne ke yanke hukuncin abin da za ka saya. Hayaƙi sama yake yi, saboda haka na'urarsa silin. Gas ɗin girki na motocin nan, wato furofen, ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, yana malala ƙasa ya taru kamar ruwan da ya samu kwari, saboda haka na'urarsa kusa da daɓe. Kabon monoksaid kuwa nauyinsa kusan ɗaya da na iska, yana gauraya da ita ya cika ɗakin sama da ƙasa. Shi ya sa masu ƙera na'urori ke haɗa shi da wancan ko da wannan, amma ba za ka taɓa samun na'ura ɗaya da ta iya hayaƙi da gas ɗin girki yadda ya kamata ba. Wuri ɗaya ba zai ishe su ba.

Tambaya ta farko da kowa ke yi ita ce ko na'urar gida da ake samu da arha a kowane babban kanti za ta wadatar. Za ta yi ƙara in ta ji hayaƙi, wannan gaskiya ne. Sai dai an gwada ta ne don ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 4 da 38 a ma'aunin Selsiyos, bangon da ba ya motsi. Motar gida tana iya yin wata uku a ajiye cikin ƙanƙarar Minnesota, ko ta wuni a rufe cikin ranar Arizona, sannan a hau titi da ita tana girgiza awa bakwai. Waɗanda aka yi musamman don motocin nan ana gwada su da sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, da zafin da ya kai 66, da laima, da girgiza. Ma'aunin da masu ƙera motocin ke bi, NFPA 1192, ya buƙaci irin waɗannan. A jikin kwali ka nemi lambar shaidar gwaji: UL 217 ga ta hayaƙi, UL 2034 ga ta kabon monoksaid, UL 1484 ga ta gas, sannan ka nemi inda aka rubuta ƙarara cewa ta dace da RV, domin lambar kaɗai ba ta nuna haka. Wanda ke Ingila ko Jamus ko Faransa, abin da zai duba ga ta kabon monoksaid shi ne EN 50291-2. Mai lamba 1 a ƙarshe ta gida ce, mai lamba 2 ita ce ta motocin kwana da jiragen ruwa. A nan ba ni da wata tantama: wurin da kamfani ya sa na'ura tun asali, a mayar da mai shaidar RV.

Inda zaɓin ya yi wuya da gaske shi ne na'urar hayaƙi, domin iri biyu ne kuma halinsu ya sha bamban.

Ta farko tana da ɗan ƙanƙanin sinadarin amerisiyom-241 a rufe a cikinta, wanda ke sa wata siririyar wutar lantarki ta riƙa ratsa iska tsakanin faranti biyu. Hayaƙi na shiga sai ya rage wutar, ƙararrawa ta tashi. A bayanta za ka ga ƙaramin harafin i ko kalmar Ionization. Tana da saurin jin wuta mai harshe, irin ta mai da ya kama a kasko ko labule da ya ɗauka. Tana da arha, kuma ita ce kamfanonin da ke ƙera motocin, waɗanda galibinsu ke yankin Elkhart a jihar Indiana, suka daɗe suna sakawa. FG250RV ta kamfanin BRK, mai batir na volt 9, misali ce da za ka gani a silin ɗin motoci da yawa.

Ta biyu haske take amfani da shi. Akwai ɗan fitila da ɗan ido a wani duhun ɗaki a cikinta, an jera su yadda hasken ba ya faɗa wa idon. In hayaƙi ya shiga sai ya warwatsa hasken, idon ya gani. Harafin P ko kalmar Photoelectric ke nuna ta. Ita ta fi saurin jin wutar da ke cin ƙasa-ƙasa ba harshe: wayar da ta yi zafi a bayan bango, soson katifa da ke turnuƙewa, bayan firiji da ya fara ƙuna. A irin wannan gobara tana iya riga ta farko da mintuna masu yawa, kuma irin gobarar da ke samun mutane suna barci ke nan.

Ga abin da ya fi damuna da ta farko a cikin mota. Ƙa'idar gidaje a Amurka ta ce kada a sa na'urar hayaƙi ƙasa da ƙafa 10, wato kusan mita 3, daga murhu. A tirela mai tsawon ƙafa 20, ina za ka samu wannan tazara? Na'urar tana kusan saman tukunya. Uwargida ta zuba albasa a mai, ko ta fara soya kaza, kafin ta juya sau biyu ƙara ta cika motar, yara sun toshe kunne, maigida ya miƙa hannu ya murɗo ta ya zare batir ya ajiye a kan tebur da niyyar mayarwa bayan an ci abinci. Sau da yawa a kan teburin take kwana. Na'urar da ke yawan ƙarar banza ita ce ake kashewa, kuma wadda aka kashe ba ta ceton kowa. Mai ido ta fi haƙuri da suya, ko da yake tururin ruwan wanka da ƙura kan tayar da ita, don haka kada a manna ta a ƙofar banɗaki.

Sabon bugu na ma'aunin UL 217, wanda ya zama tilas ga sabbin na'urori daga tsakiyar 2024, ya ƙara gwaje-gwaje da suka shafi wannan matsala kai tsaye: dole na'ura ta yi shiru a gwajin hayaƙin gashin nama, kuma dole ta ji ƙunar soso, mai harshe da marar harshe. Saboda haka in ka tarar da biyu a kanti, ɗaya ƙirar 2021 ɗaya ƙirar bana, ɗauki sabuwar. Tsohuwar ma ta riga ta cinye wani ɓangare na shekara gomanta a kan kanta.

Matsalar ita ce masu shaidar RV da ke kasuwa sun fi yawa a irin ta farko. In ka samu mai ido kuma mai shaidar RV, magana ta ƙare, ita za ka saya. In ba ka samu ba, shawarata ita ce ka mayar da mai shaidar RV a gurbin tsohuwar, ka tabbatar tana da maɓallin da ke yi mata shiru na 'yan mintuna lokacin girki, sannan ka ƙara mai ido a wajen kwana. A silin, ka bar aƙalla inci 4 tsakaninta da bango, domin iska ba ta zagayawa a kusurwa, kuma ka nisanta ta da bakin na'urar sanyaya ɗaki da fankar rufi.

Batun batir kuwa gajere ne. Mai batir na volt 9 sai ka riƙa sauya shi duk shekara, kuma sanyi mai tsanani kan sa ta fara ɗan tsiwa cikin dare. Mai batir a rufe na shekara 10 ba ta buƙatar komai, kuma ba mai iya zare batirinta ya sa a wani abu. Rauninta shi ne zafin motar da aka rufe a rana yana rage wa batir kwana, kuma in ya mutu sai dai a yar da na'urar gaba ɗaya. Ga mai yara ko mai bayar da motarsa haya, ta rufe ta fi.

Sai na'urar ƙasa, wadda ta fi rikita mutane. A yawancin motocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan, na'ura ɗaya ce ke gano gas ɗin girki da kabon monoksaid tare, an jona ta da batirin motar mai volt 12. Ba za ta iya rayuwa da ƙaramin batir ba, saboda abin da ke shaƙar gas a cikinta sai an riƙa ɗumama shi dare da rana. Irin waɗannan na'urori na jan kusan kashi ɗaya cikin goma na amfiya. Ka lissafa: amfiya-awa (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) biyu da ɗoriya a awa 24, sama da 70 a wata. Batirin mota na gama-gari da ƙyar zai kai wata guda a haka in babu caji. Wannan ne ya sa mai motar da ya ajiye ta ya dawo ya tarar da batir ya mutu, ko ya ji ta tana ƙara babu gas babu komai, alhali ƙarfin wuta ne ya sauka. Daga nan wasu ke zare mata fiyus, su manta. Haka kuma hancinta ba ya tantancewa sosai: turaren feshi, maganin sauro, man goge daɓe, ko iskar da batir ke fitarwa lokacin caji, duk suna iya tayar da ita. In tsohuwa ta fara yawan ƙara ba dalili, duba kwanan wata kafin ka zargi wani abu, domin da yawansu haka suke sanar da cikar wa'adi.

Kishiyarta ita ce ƙaramar na'urar kabon monoksaid mai batirin kanta. Sinadarin cikinta ba ya buƙatar ɗumi, saboda haka ƙananan batura biyu ko uku kan riƙe ta shekara, wasu kuma a rufe suke na shekara 7 ko 10. Ba ruwanta da batirin mota, ba ruwanta da fiyus. Amma gas ɗin girki zai iya cika motar ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya cire ta ƙasa ya maye gurbinta da wannan don gudun wahalar waya ya bar ƙofa a buɗe ga fashewar gas.

To wacce? Duka biyun, kuma ba don son kashe kuɗi ba. Ta ƙasa tana jin kabon monoksaid, an gwada ta a kan haka. Sai dai wurinta an zaɓe shi ne saboda gas, yawanci kusa da kicin, nesa da gado, wani lokaci da ƙofa a tsakani. Hayaƙin janareto kuwa ta tagar da ke kusa da kan mai barci yake iya shigowa. Ga shi kuma daren da batirin mota ya fi saurin mutuwa shi ne daren sanyi da hita ta kwana tana aiki, wato daren da aka fi buƙatar na'urar. Mai batirin kanta a bangon wajen kwana, daidai tsayin kan mutum, tana rufe waɗannan giɓi biyu. Ita da ta silin da ta ƙasa, in ka haɗa kuɗinsu, ba su kai na cika tankin babbar motar gida sau ɗaya ba.

Akwai kuma mai haɗa hayaƙi da kabon monoksaid a roba ɗaya ta silin. Tana rage ramuka a silin, kuma a ƙaramar mota irin ta ɗaukar kaya da aka mayar wurin kwana tana da ma'ana. Ni dai ban fi son ta ba a mota mai kicin, domin duk ranar da suya ta sa aka sauke ta, an sauke kariya biyu a lokaci ɗaya.

In za ka sayi mai batirin kanta, ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki mai allo da ke nuna lamba. Ga dalili. Ma'aunin UL 2034 bai yarda na'ura ta yi ƙara da wuri ba. In iskar ta kai kashi 70 cikin miliyan, za ta jira tsakanin minti 60 da 240. A kashi 150, minti 10 zuwa 50. A kashi 400, minti 4 zuwa 15. A kashi 30 kuwa an hana ta ƙara ko da an yi kwanaki. An tsara haka ne don lafiyayyen babba, kuma don kada 'yan kwana-kwana su riƙa fita kiran banza. Na Turai ya fi tsauri: a kashi 50 tana ƙara cikin minti 60 zuwa 90, a kashi 300 kuma kafin minti 3. Mai juna biyu, jariri, tsoho, da mai ciwon zuciya ba su da juriyar da aka yi lissafin da ita. Allo zai nuna maka 35 ko 40 tun ƙaho bai buɗe baki ba, kuma yawancinsu na ajiye lamba mafi girma da suka gani. Ka tashi da safe ka danna ka ga 60, ka san hita ko salansa na buƙatar makaniki tun kafin abin ya yi nisa.

Wajen sakawa, ta silin da ta bango aikin minti biyar ne. Ta ƙasa ce ke buƙatar natsuwa. Auna ramin tsohuwar kafin ka yi oda, domin akwai mai shiga cikin katako akwai mai zama a kansa, kuma faɗinsu ya bambanta tsakanin Safe-T-Alert da Atwood da RV Safe. Zare fiyus kafin ka yanke waya. Sannan ka yi hattara da launi: a jikin na'urar ja ce mai wuta, baƙa ce ta ƙasa, amma a motocin gida da yawa na Amurka baƙar waya ce mai wuta, fara ce ta ƙasa. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa don launi ya zo ɗaya zai iya juya wutar. Sa mita ka gwada, kada ka dogara da ido. In ka ga wayoyin tsohuwar sun wuce biyu, wataƙila irin tsofaffin nan ne da ke haɗe da bawul mai rufe gas da kansa in an samu yoyo. Wannan sai a nemi wadda aka yi don bawul, ko a kai wa mai gyara, in ba haka ba murhu zai ƙi kamawa bayan ka gama. Da ka mayar da fiyus za ta ɗauki 'yan mintuna tana ƙifta haske kafin ta daidaita, wannan ba matsala ba ce. Ɗauki alƙalami mai kauri ka rubuta shekarar da za a sauya ta a gefenta inda ido ke gani.

Kowa a motar, har yara, ya kamata ya san bambancin kukansu. Ƙara uku a jere sannan shiru, hayaƙi ne. Ƙara huɗu gajeru sannan shiru, kabon monoksaid ne: a fita waje nan take, a ƙirga kowa, a kashe janareto, a kira 911 in a Amurka ne ko 112 a Turai, kuma kada a koma ciki don ƙarar ta tsaya. In ta gas ce ta tashi, kada a taɓa makunnin fitila ko ashana, a fita a rufe tukunyar gas daga waje, a bar ƙofa a buɗe. Janareton da ake iya ɗauka a hannu kuwa a ajiye shi aƙalla ƙafa 20, kusan mita 6, daga motar, bakin salansarsa na kallon wani wajen, kuma a dubi inda na maƙwabci ya juya nasa kafin a bar taga a buɗe a kwanta. Wanda haya zai ɗauka, ya nemi a nuna masa kwanan watan da ke jikin na'urorin tun a harabar kamfanin, kafin ya sa hannu a takarda.